Na'urar da ake son ta fi mutum: Abin da Kiristoci ke cewa, da yadda ya shafi Sokode da Dapaong

A watan Mayun 2025, kwanaki kaɗan bayan an zaɓi sabon Fafaroma, wani bidiyo mai tsawon minti 36 ya bayyana a YouTube. A cikinsa ga Fafaroma Leo na 14 sanye da farar rigarsa, yana jawabi da Turanci, wai yana mayar wa shugaban Burkina Faso, Kyaftin Ibrahim Traore, amsar wasiƙa, yana ta yaba masa. Baki na motsi daidai da magana, murya kuma kamar tasa. Sai dai mutumin bai taɓa yin wannan jawabi ba. Hoton ganawarsa da 'yan jarida ta ranar 12 ga Mayu aka ɗauka, aka sa na'ura ta ɗora masa kalmomin da wani ya rubuta. Sai da sashen labarai na fadar Vatikan ya fito ya ce wa duniya ƙarya ce.

Mazaunin Dapaong ba sai an yi masa dogon bayani ba. Daga nan zuwa Sinkase, bakin iyakar Burkina, ba ta kai tafiyar awa ɗaya a mota ba, kuma duk mai WhatsApp a yankin nan ya san yadda bidiyoyin Traore ke yawo daga waya zuwa waya, a teburin mai shayi, a tasha, a rumfar tela. A turo maka, kai ma ka tura gaba, da wuya wani ya tsaya tambayar daga ina abin ya fito. To ga shi an kai inda ake iya sa wa shugaban Katolika na duniya, mai mabiya fiye da biliyan ɗaya, magana a baki, mutane kuma su yarda.

Masu ƙera waɗannan na'urori sun ce wannan somin-taɓi ne. Abin da suke nema ya wuce haɗa bidiyon bogi nesa ba kusa ba, kuma neman nasa ya tayar da muhawara mai zafi a tsakanin Kiristoci. Muhawarar maƙwabtanmu ce, amma hayaƙinta ya riga ya shigo gidajenmu.

Mece ce basira mai komai-da-ruwanka?

Ƙirƙirarriyar basirar da muke gani yau, irin su ChatGPT da ya fito ranar 30 ga Nuwamban 2022, an horar da ita ne da tarin rubuce-rubucen mutane masu yawan gaske, har ta koyi hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Da haka take rubuta wasiƙa, ta yi fassara, ta amsa tambaya. Wani lokaci ta dace, wani lokaci ta shirga ƙarya ba tare da ko ƙyafta ido ba.

Burin manyan kamfanoni shi ne su kai ga abin da suke taƙaita sunansa da AGI, wato basirar na'ura mai komai-da-ruwanka, wadda za ta iya duk aikin ƙwaƙwalwa da mutum ke yi. Kamfanin OpenAI, wanda aka kafa a Disamban 2015, ya bayyana ta a matsayin na'ura mai sarrafa kanta wadda za ta fi ɗan Adam a mafi yawan ayyukan da ke kawo kuɗi. A lura da wannan ma'auni: aikin da ke kawo kuɗi. Za mu dawo kansa.

Kuɗin da ake zubawa ba na wasa ba ne. A Janairun 2025 aka sanar da shirin Stargate a Amurka, da alƙawarin zuba har dala biliyan 500 wajen gina cibiyoyin kwamfuta. Wannan ya ninka abin da tattalin arzikin Togo gaba ɗaya ke samarwa a shekara kusan sau 50. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 irin waɗannan cibiyoyi sun sha kusan kashi 1.5 cikin 100 na wutar lantarkin duniya, a shekarar da mu nan muka sha fama da ɗauke wuta.

Yaushe za a kai? Su kansu masanan ba su daidaita ba. Ray Kurzweil ya daɗe yana cewa na'ura za ta kamo mutum a 2029, a 2045 kuma ta yi masa fintinƙau. Yann LeCun, wanda shi ma jigo ne a fannin, ya ce irin na'urorin yanzu ba za su kai mu can ba. Abin mamaki kuma, a Mayun 2023 shugabannin manyan kamfanonin da kansu, ciki har da Sam Altman na OpenAI da Demis Hassabis na DeepMind, suka sa hannu a wata gajeriyar sanarwa cewa haɗarin da abin zai iya jawo wa ɗan Adam ya kamata a ɗauke shi kamar annoba ko yaƙin nukiliya. Kai ne ke gini, kai ne kuma ke cewa a yi hattara kada ginin ya faɗo wa jama'a.

Tambayar ta girmi kwamfutar

Tun kafin a sa wa fannin suna a taron Dartmouth na 1956, maganar addini tana ciki. A 1950 masanin lissafi na Ingila Alan Turing ya rubuta maƙalar da ake ɗauka tushen fannin, inda ya tambaya ko na'ura za ta iya tunani. Hujja ta farko da ya kawo daga masu cewa a'a ta addini ce: tunani aikin rai ne, rai kuma Allah mutum kaɗai ya ba. Turing bai karɓa ba. Ya ce mai ƙera irin wannan na'ura bai ƙwace ikon Allah ba, kamar yadda iyaye ba su ƙwace shi ba don sun haifi ɗa.

A cikin wannan maƙala dai ya jefa wata magana, wai Musulmi sun yarda mata ba su da rai. Ƙarya ce tsagwaronta, ko ɗan makarantar allo ya san haka. Amma ga ta a rubuce a takardar da ta fi kowace shahara a fannin. Darasin a fili yake. Na'urar da ke koyo daga rubutun mutane tana haɗiye gaskiyarsu da kuskurensu tare, kuma rubutun da ta fi ci na Turanci ne. Abin da aka rubuta da Hausa kaɗan ne idan an kwatanta, na Tem da Moba kuwa ya fi ƙaranci.

Ga Kirista, damuwar tana farawa daga shafukan farko na Littafi Mai Tsarki. Littafin Farawa ya koyar da cewa an halicci mutum cikin siffar Allah, kuma a kan wannan suka gina darajar ɗan Adam. To idan hankali ne wannan siffa, na'ura kuma ta zo ta fi mutum hankali, ina aka kwana? A babi na 11 na littafin kuma akwai labarin hasumiyar Babila, inda mutane suka haɗa kai su yi ginin da zai taɓo sama don su yi wa kansu suna, aka dagula harshensu suka watse. Masu wa'azi da yawa wannan labari suke ɗaukowa idan ana maganar AGI.

Akwai kuma masu ganin cewa burin ƙera na'urar ma daga cikin Kiristanci ya tsiro. Masanin tarihi David Noble, a littafin da ya fitar a 1997, ya bi sawun yadda Turawa tun zamanin gidajen ruhubanawa suke kallon fasaha a matsayin hanyar maido da kamalar da Adamu ya rasa. Idan ka saurari alƙawuran da ake yi wa AGI yau, za a kawar da cuta, za a kawar da talauci, wataƙila har mutuwa, za ka ji ƙamshin wa'azin aljanna, sai dai an cire Allah an sa injiniya. Wani tsohon injiniyan Google, Anthony Levandowski, bai ma tsaya kwana-kwana ba: ya yi rajistar wata majami'a don bautar abin bautar da za a ƙera da ƙirƙirarriyar basira. Ya rufe ta a 2021, ya ce ya sake buɗewa a 2023.

Kiristocin Yamma: kowa da inda ya dosa

Kuskure ne a ɗauka Kiristoci bakinsu ɗaya a kan wannan batu.

Akwai masu murna. Pat Gelsinger, wanda ya shugabanci kamfanin Intel har zuwa Disamban 2024, daga baya ya zama ɗaya daga cikin jagororin Gloo, kamfanin da ke ƙera wa majami'u manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Ya faɗa a bainar jama'a cewa burin rayuwarsa shi ne fasahar da za ta kyautata rayuwar kowa, ta kuma gaggauta dawowar Almasihu.

Akwai Peter Thiel, attajirin da ke cikin waɗanda suka kafa PayPal da Palantir. A ƙarshen 2025 ya gabatar da laccoci huɗu a San Francisco a kan Magabcin Almasihu, wanda mu muka fi sani da Dujal. Abin da jaridu suka ruwaito daga laccocin shi ne, a ganinsa Dujal zai hau mulki ne ta hanyar tsoratar da mutane da halaka, ya yi musu alƙawarin aminci, ya kafa gwamnati ɗaya a duniya wadda za ta taka wa kimiyya birki. Wato masu cewa a dakatar da AGI su ne abin tsoro. Masu suka ba su yi wata-wata ba suka tuna masa cewa kamfaninsa na Palantir sana'arsa ita ce sayar wa sojoji da hukumomin leƙen asiri manhajar tattara bayanan mutane.

Akwai kuma masu taka-tsantsan. Cocin Baptis ta Kudancin Amurka, wadda ta fi kowace ɗarikar Furotesta yawan mabiya a ƙasar, hukumarta ta ɗa'a ta fitar da matsaya tun Afrilun 2019 cewa fasaha kayan aiki ce mai amfani, amma kada a ba kowace na'ura matsayin mutum, ko darajarsa, ko alhakin da ke wuyansa. Babban taronsu na Yunin 2023 ya ƙara jaddada haka.

Wasu kuma gwaji suka yi a cikin coci. A Yunin 2023, a garin Fürth na Jamus, mutum fiye da 300 suka halarci ibadar da ChatGPT ya rubuta mafi yawanta, fuskokin kwamfuta suka gabatar a majigi. A 2024 wata ƙaramar coci a Lucerne ta Suwizalan ta sa "Yesu" na kwamfuta a ɗakin da ake iƙirarin zunubi, mutane wajen dubu suka yi hira da shi. A Afrilun 2024 wata ƙungiyar Katolika a Amurka ta fito da fada na kwamfuta mai suna Justin. Cikin 'yan kwanaki aka tuɓe masa rigar limanci, bayan ya fara ce wa mutane shi fada ne na gaske, yana karɓar iƙirarin zunubi.

Abin da Roma ta ce

Ga mazauna arewacin Togo, matsayin da ya fi kusa da mu shi ne na Katolika. Dayosis na Sokode ya samu cikakken matsayi a 1955, na Dapaong a 1965. Makarantunsu da asibitocinsu, irin asibitin yara na Yendube a Dapaong, Musulmi da Kirista da mai bin gargajiya duk suna shiga. Abin da Roma ta koyar, ko ba daɗe ko ba jima, yana isowa aji da ɗakin likita a nan.

Vatikan ta fara da wuri. Ranar 28 ga Fabrairun 2020 Cibiyar Fafaroma ta Kare Rayuwa ta haɗa Microsoft da IBM da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin Italiya suka sa hannu a takardar da ake kira Kiran Roma. Sharuɗɗa shida ke ciki: a yi komai a fili, kada a bar kowa a baya, a san wanda ke da alhaki, kada a nuna bambanci, na'urar ta zama abin dogaro, a kuma tsare sirrin mutane. Saƙon Fafaroma Francis na ranar zaman lafiya ta 1 ga Janairun 2024 ya nemi a yi yarjejeniyar ƙasa da ƙasa mai ɗaure kowa. Ranar 14 ga Yunin 2024 ya zama Fafaroma na farko da ya yi jawabi a taron ƙasashen G7, a kudancin Italiya, kuma batun da ya ɗauka ke nan.

Cikakken bayanin ya zo ranar 28 ga Janairun 2025, a takarda mai sakin layi 117 da aka sa wa suna Antiqua et Nova, wato tsoho da sabo. Ma'aikatar aƙida da ta ilimi da al'adu ne suka fitar da ita. Ba ta haramta fasahar ba, ta ma ce kimiyya baiwa ce daga Allah. Amma ta ja layi a wurare uku.

Na farko, kalmar "basira" tana ruɗi. Hankalin mutum yana tare da jiki, da dangi, da tausayi, da neman gaskiya. Na'ura aiki take yi, ana auna ta da sakamako. Idan aka yarda abu ɗaya ne, an yarda ke nan cewa darajar mutum ita ce yawan aikin da yake iya yi. A nan ne ma'aunin OpenAI na aikin da ke kawo kuɗi yake cin karo da koyarwar Coci. Tsohuwar da ba ta iya komai yanzu, da jaririn da ke kwance a Yendube, ba sa kawo ko dala, kuma darajarsu ba ta ragu ba.

Na biyu, alhaki na mutum ne kaɗai. Na'ura ba ta da lamiri, ba a kai ta kotu, ba ta tuba. Duk hukuncin da ta yanke, akwai wanda ya ƙera ta, da wanda ya saye ta, da wanda ya kunna ta, kuma dole a iya nuna su da yatsa. Takardar ta kuma nuna damuwa cewa ikon wannan fasaha ya taru a hannun kamfanoni ƙalilan.

Na uku ya taɓa AGI kai tsaye. Takardar ta ce masu jiran na'urar da za ta fi mutum don ta ba su ma'anar rayuwa suna gab da bautar gunki. Ta ƙara da cewa wannan gunki ya fi na da haɗari, domin gumakan da suna da baki amma ba sa magana, wannan kuwa yana amsawa.

Francis ya rasu ranar 21 ga Afrilun 2025. Wanda ya gaje shi ranar 8 ga Mayu ya shaida wa kadinal-kadinal cewa ya zaɓi sunan Leo ne don tunawa da Leo na 13, wanda a 1891 ya rubuta wasiƙar Rerum Novarum a kan haƙƙin ma'aikata lokacin da injuna suka mamaye masana'antun Turai. Ya ce ƙirƙirarriyar basira ta kawo irin wancan juyi, da sabuwar barazana ga mutunci da adalci da aikin yi. Daga baya ya faɗa a wata hira cewa an nemi izininsa a ƙera Fafaroma na kwamfuta wanda kowa zai iya ganawa da shi a intanet, ya ce bai yarda ba.

Novissi: ranar da na'ura ta zaɓi matalauta

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu, abin da ake yi a Kalifoniya? Amsar ita ce Togo tana cikin ƙasashen farko a duniya da aka sa na'ura ta tantance wanda ya cancanci taimako.

Kowa yana tuna Novissi. A Afrilun 2020, lokacin korona, gwamnati ta buɗe shirin, kalmar kuma ta Ewe ce mai nufin zumunci. A lokacin, ka danna *855#, ka sa lambar katin zaɓe, kuɗi su shigo ta Flooz ko T-Money: sefa 12,250 a wata ga mace, 10,500 ga namiji. An fara da Lome da kewaye, aka kawo shi yankin Tchaoudjo, wato Sokode.

Da aka zo faɗaɗa shi zuwa ƙauyuka a ƙarshen 2020, sai matsala ta taso: babu cikakken rajistar matalauta a ƙasar. Ma'aikatar da Cina Lawson ke jagoranta ta haɗa kai da ƙungiyar GiveDirectly da masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Da hotunan tauraron ɗan Adam aka fitar da kantoni 100 mafiya talauci, da yawansu a nan arewa. Sannan aka koya wa na'ura ta duba yadda mutum ke amfani da wayarsa, yawan kira, tsawonsa, sayen data, shige da ficen kuɗi, ta ƙiyasta ko talaka ne.

Sakamakon ya fito a mujallar kimiyya ta Nature a Maris ɗin 2022. Idan aka kwatanta da sauran hanyoyin da gwamnati ke dubawa, na raba kuɗi bisa yanki kawai, na'urar ta rage yawan matalautan da ake tsallakewa da kashi 4 zuwa 21 cikin 100. Wannan alheri ne, kuma mutane da yawa sun ci abinci ta dalilinsa. Amma masu binciken sun faɗi ɗaya gefen: da a ce akwai cikakken rajista na gida-gida, da na'urar ta fi shi tsallake matalauta da kashi 9 zuwa 35 cikin 100. Wanda ba shi da waya kuwa, na'urar ba ta ma san yana duniya ba.

A nan tambayoyin Roma suke sauka ƙasa. Matar da ke aron wayar mijinta, wa na'urar ta auna, ita ko shi? Ɗan zango mai ƙaramin tebur, wanda ke yawan kiran 'yan'uwa a Kano ko Kumasi ko Yamai, yaya na'urar za ta karanta kiran nan nasa na ƙetare? Wanda aka tsallake, ƙofar wa zai buga ya ce an yi kuskure? Da mai unguwa ne ya bar sunanka, ka san gidansa, ka san wanda za ka aika ya yi masa magana. Wannan fa ƙaramar na'ura ce mai aiki ɗaya tak, aka kuma yi ta da kyakkyawar niyya. Sai a auna wadda ake son a damƙa wa ɗaukar ma'aikata, da ba da bashi, da duba marasa lafiya, da tsaro, duk a lokaci ɗaya.

Margba

Maganar tsaro ita ce mafi nauyi. Tun Yunin 2022 yankin Savanes yake ƙarƙashin dokar ta-ɓaci saboda hare-haren 'yan bindiga daga iyakar Burkina. A daren 9 zuwa 10 ga Yulin 2022, lokacin Babbar Sallah, yara bakwai suka mutu a ƙauyen Margba da ke yankin Tone, yankin da Dapaong ke ciki. Bayan 'yan kwanaki rundunar sojan Togo ta fito ta amsa cewa jirginta ne mai sintirin dare ya kai musu hari bisa kuskure, an ɗauke su 'yan bindiga ne, ta kuma nuna alhininta.

Ba ƙirƙirarriyar basira ce ta yanke wancan hukunci ba, mutane ne suka yi kuskure. Amma saboda mutane ne, an samu wanda ya tsaya ya ce mu ne. Ba ya dawo da rai, amma iyaye sun san abin da ya faru da wanda ya yi. Manyan ƙasashe yanzu suna tseren ƙera makaman da za su zaɓi abin hari da kansu. Abin da Francis ya roƙi shugabannin G7 ke nan, a haramta irin waɗannan makamai, domin a cewarsa bai kamata wata na'ura ta taɓa zaɓar ɗaukar ran mutum ba. Wanda ya san Margba ba ya buƙatar a fassara masa wannan roƙo.

Ina Musulmi a ciki?

Ba a bar mu a waje ba. Ranar 10 ga Janairun 2023 Dandalin Zaman Lafiya na Abu Dhabi, wanda malamin nan ɗan Muritaniya Shaikh Abdullahi bin Bayyah ke jagoranta, ya sa hannu a Kiran Roma tare da wakilin malaman Yahudawa. A Yulin 2024 shugabannin addinan gabashin Asiya suka bi sahu a Hiroshima. A Agustan 2025 Darul Ifta ta Masar ta yi babban taro a Alƙahira a kan matsayin mufti a zamanin ƙirƙirarriyar basira, don matasa sun fara kai wa na'ura tambayar da a da malami ake kai wa.

Aƙidarmu da ta Kiristoci ba ɗaya ba ce, kuma ba sai an ɓoye haka ba. Amma gargaɗin gunki mai magana ba baƙo ba ne ga wanda ya ji tafsirin ƙissar Samiri, wanda ya narka kayan ado ya ƙera ɗan maraƙi mai kuka, mutane suka rusuna masa. Hasumiyar Babila ma tana da 'yar'uwa a ginin da Fir'auna ya umarci Hamana ya yi masa. Batun cewa mutum ne ya ɗauki amana, shi kuma za a yi wa hisabi, wannan karatun farko ne. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa: wanda ya iya sa wa Fafaroma magana a baki, sa wa limamin Juma'a na Sokode ko wani babban malamin Kano ba zai yi masa wuya ba. A garin da masallaci da coci ke kallon juna, bidiyon bogi ɗaya na minti biyu ya isa ya haɗa faɗan da za a yi shekaru ana gyarawa.

Don haka akwai abin da limami da fada za su iya yi tare ba tare da kowa ya bar addininsa ba. Su gaya wa mabiya kada a tura bidiyon wani shugaban addini sai an gan shi a kafar da aka san tasa ce. Makarantu, na mishan da na Islamiyya, su koya wa yara cewa amsar na'ura ba hujja ba ce sai an bincika. Idan kuma aka sake zuwa da shirin da na'ura za ta tantance mutane, ko na tallafi, ko na katin shaida, ko na bashi, shugabannin al'umma su tambaya tun ran gini: wane ofishi ne wanda aka tsallake zai je, wa zai saurare shi, kuma da wane harshe?

Kakanninmu da suka bi hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja, suka yada zango a Mango da unguwar Didaure ta Sokode, suna da ƙa'ida a kan baƙo. Komai yawan kayansa, komai daɗin bakinsa, ba a ba shi bashi sai an san maigidansa, mutumin gari wanda zai tsaya masa, wanda za a kama idan baƙon ya gudu. Ko AGI ta zo a 2029, ko ta zo bayan jikokinmu, ko ba ta zo ba sam, ƙananan 'yan'uwanta sun riga sun sauka a garin nan, suna cikin aljihun kowa. Kafin a ba su amanar abincin talaka ko ran ɗan wani, a tambaya wane ne maigidansu, kuma a ina yake kwana.